Katin tallafin taki: abin da yake gyarawa da abin da ya fi ƙarfinsa

Tun da farashin takin zamani ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya a 2021, yaƙin Rasha da Yukiren ya ƙara ingiza shi a 2022, sannan faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023 ta ɗora nata nauyin, maganar tallafin taki ta dawo bakin manoma da mahukunta. Hanyar da gwamnatocin Afirka da dama suka fi bi a yanzu ita ce a ba manomi kati, ko takarda, ko saƙon waya, ya kai wa dillali ya karɓi taki a kan rangwame. Shirin tallafin kayan noma na NAGS-AP na gwamnatin tarayyar Najeriya, wanda aka ƙaddamar a Jihar Jigawa cikin Nuwamba 2023 domin noman alkama na rani bisa rancen dala miliyan 134 daga Bankin Raya Afirka, a kan wannan turba yake: a yi wa manomi rajista, a aiko masa da saƙo, ya biya rabin kuɗi, ya ɗauki kayansa a cibiyar da aka ware. Sai dai tsarin ya bar mutane da tambayoyi. Me ya hana gwamnati ta sauke farashin taki ga kowa da kowa? Me ya sa wani ya samu saƙo, maƙwabcinsa na gona bai samu ba? Kuma ta ina buhunan tallafi ke bi suna ɓulla a kasuwa?

Tallafin kowa da kowa, da tallafin kati

Tallafi a nan yana nufin gwamnati ta ɗauke wa manomi wani kaso na kuɗin buhu, ta biya daga baitulmali. Manyan hanyoyin yin haka biyu ne. A ta farko, gwamnati ce ke sayo takin da kanta ko ta hannun 'yan kwangila, ta tara a ɗakunan ajiyarta, ta sayar ƙasa da farashin kasuwa. Lahanin wannan hanya sananne ne: tun da buhu ɗaya yana da farashi biyu, duk wanda ya same shi a farashin gwamnati ya riga ya ci riba tun kafin ya kai shi gona, don haka takin yakan bi ta hannun masu faɗa a ji ya ƙare a kasuwa. Ɗan kasuwa kuma ba ya kuskura ya zuba jarinsa ya kai taki ƙauye, domin bai san ranar da manyan motocin gwamnati za su sauke nasu su karya masa farashi ba.

A hanya ta biyu, gwamnati ta cire hannunta daga saye da sayarwa. Takin na ɗan kasuwa ne, yana shagonsa a farashin kasuwa, abin da gwamnati ke rabawa shaida ce kawai cewa ta ɗauki nauyin wani kaso. A ce buhu naira 40,000 ne, rangwamen kuma rabi: manomi ya miƙa katinsa da naira 20,000 ya ɗauki buhu, daga baya dillali ya tattara katunan ya kai wa gwamnati ko bankin da ta wakilta a biya shi ciko. Masu tsara irin wannan shiri suna ɗora shi a kan sharuɗɗa uku, wato a zaɓi manoman da in ba don tallafin ba ba za su iya sayen taki ba, a bi ta hannun 'yan kasuwa domin kasuwar taki ta kafu a karkara, sannan a sa wa'adin janye tallafin. Kusan duk gardamar da ake yi ta ta'allaƙa ne a kan ko ana cika waɗannan sharuɗɗa a aikace.

Inda aka faro

A shekarun 1970 da 1980 yawancin ƙasashen Afirka ta hanyar farko suke tallafa wa taki. A Najeriya gwamnatin tarayya ta haɗe saye da rabon taki a hannunta a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na mulkin Janar Obasanjo. Da basussuka suka yi wa ƙasashen katutu, Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya suka sa janye tallafi cikin sharuɗɗan ba da rance, bisa hujjar cewa kuɗin yana zurarewa kuma 'yan kasuwa za su cike gurbin. Najeriya ta janye nata gaba ɗaya a 1997, amfani da taki ya faɗi warwas, dole aka dawo da tallafin kashi 25 cikin 100 a 1999, jihohi kuma suna ƙara nasu a kai. 'Yan kasuwar da aka yi tsammani ba su isa ƙauyukan nesa ba, saboda rashin hanyoyi, da rashin jari, da kuma cewa manomin da zai saya ba shi da kuɗi a hannu a lokacin shuka.

Cikin wannan hali ne shugabannin Afirka suka yi taro na musamman kan taki a Abuja cikin Yuni 2006. A lokacin, abin da ake zubawa a kadada ɗaya a ƙasashen kudu da hamadar Sahara bai wuce kilo 8 na sinadarin taki ba idan aka yi tsaka-tsaki, suka kuma yi alkawarin kai shi kilo 50 kafin 2015, tare da amincewa da tallafin da aka keɓe wa ƙananan manoma. Ba a cimma wannan adadi ba, amma sanarwar ta buɗe ƙofa: Kenya, Tanzaniya, Gana, Ruwanda, Mali da wasu suka fito da shirye-shiryensu a 'yan shekarun da suka biyo baya.

Abin da ya faru a Malawi

Ƙasar da ta fi jan hankali ita ce Malawi, inda masara ce abincin kusan kowane gida. Bayan ƙarancin ruwan sama na daminar 2004/2005, lokacin da mutane kusan miliyan 5 suka buƙaci agajin abinci, Shugaba Bingu wa Mutharika ya fito da shirin takardun rangwame duk da cewa manyan masu ba ƙasar agaji ba su so ba. Kowane gidan da aka zaɓa yana samun takardu biyu na buhu biyu masu kilo 50, ɗaya na shuka ɗaya na yuriya, gwargwadon abin da zai ishi eka ɗaya, daga baya aka haɗa da iri. Alƙaluman gwamnati sun nuna masarar da aka girbe ta tashi daga kimanin tan miliyan 1.2 a 2005 zuwa 2.7 a 2006, sannan ta haura miliyan 3 a 2007. Nan da nan aka riƙa kafa misali da Malawi a tarukan duniya.

Binciken da aka yi gida-gida daga baya ya rage wa labarin armashi, ko da yake bai rushe shi ba. Masara ta ƙaru, amma ba kamar yadda alƙaluman hukuma suka nuna ba, kuma shekarun sun dace da damina mai kyau. Kuɗin shirin ya yi ta hauhawa har ya kai kusan kashi 16 cikin 100 na kasafin ƙasar baki ɗaya a 2008/2009, lokacin da farashin taki ya tashi a duniya. Wani bincike na masanan da ke da alaƙa da Jami'ar Jihar Michigan ya gano cewa kowane kilo ɗaya na takin tallafi yana rage kimanin giram 220 daga abin da manomi zai saya da kuɗinsa, kuma ragin ya fi yawa a gidajen masu hali. Ma'ana, idan kati ya faɗa hannun wanda da ma yana saye, gwamnati ta biya masa kuɗin buhunsa ne kawai, gona ba ta ga ƙarin taki ba. Wa'adin janyewa kuwa bai taɓa zuwa ba, domin tallafin ya zama abin yaƙin neman zaɓe. A 2020 gwamnatin Lazarus Chakwera ta faɗaɗa shi zuwa gidaje sama da miliyan 3, daga baya ƙarancin kuɗin waje ya sa ta riƙa rage adadin, kuma a Maris 2024 fari ya sa aka ayyana dokar ta-ɓaci a gundumomi 23 daga cikin 28 na ƙasar.

Gwajin Najeriya, daga Kano zuwa saƙon waya

Arewacin Najeriya yana cikin wuraren da aka fara gwada katin. A 2009 cibiyar bunƙasa taki ta duniya, IFDC, tare da gwamnatocin Kano da Taraba, ta raba takardun rangwame, a Kano ta hanyar ƙungiyoyin manoma. Binciken da aka yi a kan shirin na Kano ya nuna cewa waɗanda suka shiga sun samu taki fiye da yadda suke samu a tsohon tsari, kuma dillalan da suka matso kusa da ƙauyuka domin karɓar takardun sun samu masu sayen ƙari da kuɗinsu. Wannan akasin abin da aka gani a Malawi ne, kuma dalilin yana da muhimmanci: inda babu shagon taki ko kaɗan, katin yakan jawo shagon, inda kasuwa ta riga ta kafu, yakan ci daga cinikinta.

A 2012, ƙarƙashin ministan noma Akinwumi Adesina, aka ɗauki tsarin zuwa ƙasa baki ɗaya da sunan GES, aka maye gurbin takarda da saƙon waya. Ministan ya sha faɗin cewa a tsohon tsari kashi 11 cikin 100 na manoma ne kaɗai takin tallafi ke isa gare su. A sabon tsari manomi yana da damar buhu biyu a rabin farashi, tarayya ta biya kashi 25, jiha ta biya kashi 25, kuma gwamnati ta ce ta yi wa manoma kimanin miliyan 14 rajista. Ko masu sukar shirin sun yarda cewa ya karya ƙarfin tsofaffin 'yan kwangila, ya kuma sa ƙaramin manomi ya ga takin gwamnati da sunansa.

Matsalolin sun fito ne a wajen karɓa. Manomi ya yi sammako daga ƙauyensa ya biya kuɗin babur zuwa cibiya, ya tarar da layi ya miƙe har bakin titi, ma'aikaci yana ɗaga waya sama yana neman sabis. Wani an rubuta sunansa da kuskure, wani lambar da aka yi masa rajista da ita ta ɗansa ce da ya tafi ci-rani, wata mata kuma ba ta da waya sam. A gefen layin akwai masu kuɗi a aljihu, suna jiran wanda ba shi da rabin da zai biya su saye damarsa. Babban abin da ya durƙusar da shirin shi ne bashi: jihohi da dama ba su biya kasonsu ba, dillalai da kamfanoni suka biyo gwamnati biliyoyin naira, bankuna suka daina ba su rance. Gwamnatin da ta hau a 2015 ta karkata zuwa wata hanya, inda a Disamba 2016 ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin taki na OCP na Maroko domin a riƙa haɗa takin kamfa a masana'antun cikin gida a sayar da buhu naira 5,500. Wannan ba kati ba ne, yunƙuri ne na sauke farashi tun daga tushe.

Wa ke rubuta sunaye?

Kati ba ya zaɓar mai shi, mutum ne ke rubuta jerin sunayen, kuma nan ne zurarewar da aka toshe a ɗakin ajiya takan sake ɓullowa. Wani bincike a yankin Kilimanjaro na Tanzaniya ya gano cewa kusan kashi 60 cikin 100 na takardun sun tafi gidajen zaɓaɓɓun shugabannin ƙauye. A Zambiya an ga cewa mazaɓun da jam'iyya mai mulki ta ci sun fi samun takin tallafi, a Gana kuwa, a shirin 2008, takardun sun fi karkata zuwa gundumomin da jam'iyya mai mulki ta faɗi a zaɓen baya, wato can sakayya, nan zawarcin ƙuri'a.

Ko da an cire son rai, akwai saɓani a cikin manufar kanta. Idan burin shi ne a ƙara yawan hatsi, wanda ya fi dacewa da kati shi ne manomi mai matsakaicin ƙarfi, mai iya biyan rabinsa, mai ingantaccen iri da hannun da za su yi masa firi da maimai a kan lokaci. Idan kuwa burin shi ne a taimaki mafi talauci, to shi ne wanda a farkon damina rumbunsa ya riga ya ƙare, kuma sayar da katin ya sayi tiyar hatsi ba wauta ba ce a wurinsa. Gwamnatoci sukan ɗora wa shiri ɗaya burin biyu, sai a wayi gari bai cika ko ɗaya sosai ba.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon baya suna cewa manomin Afirka yana sayen taki da tsada fiye da takwaransa na Asiya saboda kuɗin tashar ruwa da sufuri, ba shi da bankin da zai ba shi rance, ba shi da inshorar da za ta rufa masa asiri idan damina ta gaza. A ganinsu, ciyar da ƙasa da hatsin da aka shigo da shi bayan yunwa ta auku ya fi tallafin tsada. Suna kafa hujja da Indiya da Indonesiya, waɗanda tallafin taki ya taimaka musu a shekarun bunƙasar nomansu, da kuma wani gwaji a lardin Manica na Mozambik, inda aka ba manoma takardar rangwame sau ɗaya tak, amma suka ci gaba da sayen taki da kuɗinsu a shekarun da suka biyo baya, har maƙwabtansu suka koya.

Masu suka ba su musun amfanin taki, tambayarsu ita ce me aka bari domin a biya shi. Wani ƙiyasi ya nuna ƙasashen Afirka goma sun kashe kimanin dala biliyan 1 a kan tallafin kayan noma a 2011, wajen kashi 28 cikin 100 na duk abin da suka kashe a fannin noma. Binciken da aka yi a kan Indiya kanta ya nuna tallafin ya yi riba a farkon shekaru, daga baya kuɗin da aka zuba a hanyoyin karkara, da binciken iri, da ilimi ya fi shi rage talauci nesa ba kusa ba. Suna kuma nuna cewa ba kullum tsada ce matsalar ba. A yammacin Kenya an gwada sayar wa manoma takardar taki a cikakken farashi a lokacin kaka, sa'ad da kuɗi ke hannunsu, tare da alkawarin kawo musu shi har gida kyauta, sai amfani da taki ya ƙaru kwatankwacin yadda rangwamen rabi ya ƙara shi a lokacin da ake buƙatar zubawa.

Idan aka auna su biyun, shaidar ta fi nuna cewa katin ya fi tsohon tsarin rabon gwamnati, kuma yana da amfani inda taki baƙo ne ga manoma, amma ribarsa tana raguwa idan ya daɗe, ya faɗaɗa, ya zama na dindindin.

Abin da hakan ke nufi ga manomi, dillali da mai sayen hatsi

Ga manomi, ranar da takin ya iso ta fi girman rangwamen muhimmanci. Kamfa ana son ta shiga ƙasa da shuka ko cikin mako biyu bayanta, yuriya kuma wajen mako huɗu zuwa shida, sa'ad da masara ke kai gwiwa. Buhun da ya zo bayan masara ta fitar da bunu ya rasa yawancin amfaninsa, kuma wanda ya zauna jiran saƙo bai sayi ko tiya ɗaya ba ya fi wanda ba a yi wa rajista ba asara. Jinkirin ba daga kati yake ba, daga sakin kuɗin kasafi yake, domin dillali ba zai ɗauko kaya ba sai ya ga alamar za a biya shi. Buhu biyu kuma ba su kai rabin abin da malaman gona ke ba da shawara ga kadada ɗaya ta masara ba, don haka mai gona babba dole ya cika daga kasuwa.

Sai maganar ƙasar kanta, wadda ba a cika tattaunawa a kanta ba alhali ita ke yanke hukunci. Masana sukan ce sai darajar ƙarin amfanin da taki ya kawo ta ninka kuɗinsa biyu kafin manomi ya ɗauki kasadar saye. Bincike a yammacin Kenya ya nuna gonar da ta gaji, wadda ba ta ganin takin gargajiya, ba ta amsa takin zamani yadda ya kamata, kuma galibi irin waɗannan gonaki ne a hannun talakawa. Duk manomin da ya zuba yuriya a jigawar da ƙuduji ya mamaye ya ga haka da idonsa. Shi ya sa dabarar da cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta yaɗa a Nijar ta cancanci kulawa: maimakon watsa taki, a zuba cikin murfin kwalbar lemo, kimanin giram 6 na kamfa, a ramin gero lokacin shuka, ta yadda ɗan abin da mutum ya iya saye zai ishi fili mai faɗi.

Ga dillalin ƙauye, katin yana kawo ciniki idan an bar shi ya shiga, yana kuma iya karya shi idan aka ba manyan kamfanoni kaɗai, ko aka riƙe masa kuɗi wata da watanni ruwan banki yana hawa. Mai sayen hatsi a birni yakan ga sauƙin farashi, amma binciken Malawi da Zambiya ya nuna sauƙin kaɗan ne. A yankunan kan iyaka kuwa, rangwame mai yawa yana jawo fasa-ƙwauri, kamar yadda Gana ta yi ta fama da fitar da takin tallafinta zuwa Burkina Faso da Togo, har a 2023 ta sauya shirinta daga tallafi zuwa ba da kayan noma bashi a biya da amfanin gona.

Sauye-sauyen da ake gwadawa yanzu sun fi karkata ga ba manomi zaɓi. Zambiya ta fara raba katin banki a daminar 2015/2016, wanda manomi zai iya cirar taki, ko iri, ko maganin dabbobi da shi gwargwadon buƙatar gonarsa, ko da yake jinkirin zuba kuɗi da rashin sabis sun tilasta mata komawa tsohon rabo a gundumomi da dama a daminar 2018/2019. Taron shugabannin Afirka na Nairobi a Mayu 2024, wanda ya gaji na Abuja, ya haɗa lafiyar ƙasa da maganar taki, ya kuma sa burin ninka samarwa da rarraba takin zamani da na gargajiya sau uku kafin 2034.